Ranar da Hajiya Rabi ta Wanke Bawul

Ku da kuke zaune a rumfar da ke jikin tawa kuna ɓare wayoyin mutane, na ji abin da kuka faɗa jiya. Wai aikin Baba Iro ai cire-saka ne, ka zare kwalba ka soka wata, an gama. Har ɗayanku yana cewa ko ƙanwarsa za ta iya. To tunda yau babu wuta kuma babu kasuwa, ku jawo bencin nan ku zauna in ba ku labarin wata baiwar Allah da ta iya cirewa, ku ji yadda muka kwashe da sakawar.

Abin da kuke kira kwalba sunansa bawul. Gilashi ne kamar babban yatsa, an zuƙe iskar cikinsa, yana da ƙafafu tara na ƙarfe. In an kunna shi sai cikinsa ya yi ja kamar garwashi. Kafin zuwan ƙananan abubuwan nan da kuke ɗauka da hantsaki, shi ne yake ɗaga murya a rediyo da amfilifaya. Amfilifaya kuma iri biyu ce a gidan mai son sauti. Akwai babba mai tura lasifika, akwai ƙarama da take gabanta, wadda sauti yake fara shiga yana ɗan siriri, ta raine shi ta miƙa wa babbar. Duk abin da ƙaramar nan ta ɓata, babbar ba ta gyarawa, sai dai ta yi shelarsa ga unguwa.

Aikin farko da maigidana ya bari na taɓa wata rediyo ce mai gidan katako ta wani tela, a Sabon Garin Kano. Sunan maigidan nawa Malam Garba, gajere ne mai faɗa, yatsunsa duk tabon dalma. Kafin ranar na shafe shekara guda ba abin da nake yi sai fifita gawayi, don ayan ɗin da muke narka dalma da shi a wuta ake gasa shi, sai kuma kaɗe ƙura da gashin kaza. Ya ce in zare wayar daga bango in ciro masa bawul na uku. Na zare, na zura hannu biyu cikin akwatin ina fito, wai ni na zama makanike. Ban san yadda aka yi ba, sai ganina na yi zaune cikin bokitin ruwa, hulata tana can bakin kwata. Malam Garba ko ɗago kai bai yi ba.

"Kun gaisa da kwandensa?" in ji shi.

Kwandensa wani gwangwani ne a cikin akwatin da yake ɓoye wuta, ko an kashe yana nan da guzurinsa yana jiran wawa. Daga ranar na koyi sauke masa wutar kafin in taɓa komai, kuma hannuna na hagu a aljihu yake zama in ina cikin akwati. Mutane suna zaton yanga ce.

Sauran karatun da rankwashi na haddace shi. Ba a cire bawul da zafinsa. Ba a murɗa shi, rausaya shi ake yi a hankali ana ja sama. Kowanne ka cire, ka ajiye shi a kiret ɗin ƙwai, ka rubuta lambar raminsa a gefe. Kuma tsumma mai danshi ba ya kusantar sa, saboda lambar da ke jikin gilashin ba sassaƙa ba ce, ɗan fenti ne wanda gumin hannu ma yana cinye shi. Lambar nan kuwa ita ce sunansa. Za ka ga biyu tsawo ɗaya, ƙafa ɗaya, ramin da wannan ya shiga wancan ma zai shiga, amma ɗaya mai ƙarfi ne da yake ɗaga murya wajen ninki biyar na ɗan'uwansa, ɗayan mai sanyi ne. Abu na ƙarshe, a saman kowane bawul mai rai akwai wani baƙi mai sheƙi kamar madubi, daga ciki yake. Ranar da ka ga ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, sai jana'iza.

Shekarar da na fi jin jiki ita ce wadda 'yan ƙananan rediyoyi masu cin kati suka cika kasuwa. Lokacin na daɗe da dawowa nan Tudun Wada. Mutum ya saya, ta lalace, ya jefar ya sayi wata, wa zai kawo maka gyara? Sai in wuni ina korar ƙuda, in an taimake ni a kawo tocila. Na ce bari in gwada noman rani, na kama 'yar gona a wajen Tiga na zuba tumatir, tsutsa ta zo ta riga ni girbi. Da na dawo na kira 'yan gwangwan suka kwashe tsofaffin rediyoyin da na tara. A gabana suka zauna suna fasa bawul da dutse don ɗan ƙarfen ciki, kana jin fus, fus. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na tsugunna na tsince 'yan waɗanda ba a kai gare su ba, na naɗe su a auduga na zuba a gwangwanin madara.

Ribar da na ci a noman nan ɗaya ce, sanin Alhaji Sule. Tsohon ma'aikacin ruwa ne a Tiga, gonarsa tana maƙwabtaka da tawa. Yana saurayi ya yi aiki ƙarƙashin wani Bature injiniya, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa kayan sautinsa: injin tef irin mai faifai biyu yana juyawa, da babbar amfilifaya da lasifikoki, da ƙaramar mai bawul biyar tsaye a samanta a fili. Da kayan nan Alhaji ya taɓa ɗaukar muryar mahaifiyarsu, sau ɗaya tak. Ta rasu, tef ɗin ya ɓace shekara da shekaru, sai da aka zo sauya rufin ɗaki aka tsince shi a ƙasan wata adaka.

Ya aiko na je na yi kwana uku ina aiki. Na sauya bel ɗin injin, na sauya kwandensa, na share ramuka. Muka ɗora tef ɗin, muna jin tsohuwa ta yi gyaran murya sai ya tsinke. Na haɗa shi da ƙyar, na ce wa Alhaji abin nan ya tsufa, kowane juyi yana cin ransa, a adana shi sai ranar da ake bukata. Ya ce dama ba don kansa ba ne. Yana da yaya, Hajara, tana aure a Doguwa tun suna yara, yanzu idanunta sun tafi, ƙafa ma sai da sanda, kuma ba ta taɓa jin tef ɗin ba. 'Ya'yanta sun yi mata shatar mota za a kawo ta ranar wata Juma'a. Direban ya gindaya sharaɗi, ana idar da la'asar zai juya, ba zai bari magariba ta same shi a dajin Falgore ba. Injin tef ɗin kuma ba shi da murya tasa, sai ta cikin ƙaramar amfilifayar nan, wadda ban san mai irinta ba daga Bebeji har Doguwa. Na rufe komai da mayafi na ce kada kowa ya taɓa.

Ranar Juma'ar da hantsi wayata ta yi ƙara, Alhaji ne.

"Malam Iro, duk abin da kake yi ajiye ka taho. An yi wa akwatin wanka."

Na sunkuci jakar aiki da gwangwanin madara na hau babur. Ina shiga tsakar gidan na hango su, bawul biyar jere a kan faranti, an shimfiɗa musu farin ƙyalle a rana suna ta ƙyalli. Alhaji yana tsaye a kansu ya riƙe ƙugu. Uwargidansa Hajiya Rabi tana bakin ƙofar ɗaki da tsintsiya a hannu. Muka gaisa, ta tambayi iyali da hanya, sannan ta shiga kare kanta tun ban tambaya ba.

"Ni fa ban ga laifina ba, Malam Iro. Na wanke labule, na wanke darduma, na goge tagogi. Sai Yaya ta zo ta tarar da kwalabe duk hayaƙi a tsakiyar falo, ta ce ƙaninta ƙazama yake aure?"

"Yayar da ba ta gani?" in ji Alhaji.

"Ba ta gani, amma tana shafawa."

Na ce, "Hajiya, da me kika wanke su?"

"Sabulu da toka da soso, yadda nake wanke gilashin fitila tun ina budurwa, ba wanda ya taɓa cewa na ɓata. Sai dai hayaƙin nasu ya kama, na dirza na dirza ya ƙi. Guda ɗaya ce kawai ta fita tas, ga ta can."

Ta nuna mini wanda kansa ya koma fari fat. Dariya ta ƙwace mini har sai da na zauna a kan turmi, ina yi ina share hawaye, Alhaji yana hararata. Da na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya na ga babu ko ɗigon lamba a jikinsu, sai dariyar ta tsaya.

Babban cikinsu bai ba ni wuya ba, raminsa daban yake. Ƙananan huɗun ne matsala. Na bi wayoyi na gane ramuka biyun gaba na masu ƙarfi ne, biyun baya na masu sanyi. To amma wane ne wane? Takardar da masu ƙera akwatin suka manna a ƙasansa kyankyasai sun yi kalaci da ita. Da idona na da ne, leƙa cikin gilashin kawai zan yi in gane, ga shi saboda sauri na baro tabarau a rumfa.

Sai na tuno dabarar Malam Garba. In ka yi wa gilashin huci kamar mai goge madubi, ka karkata shi ga haske, wani lokaci inuwar lambar takan fito kafin hucin ya bushe. Na tsugunna a tsakar gida ina hah, hah, kaji suna kallona. Biyu suka faɗi sunansu, ɗaya mai ƙarfi, ɗaya mai sanyi. Na ukun da mataccen sun sha toka da yawa, suka yi gum.

Saura dabara ɗaya, a goga gilashin a gashi mai mai, maiƙon yakan kama gurbin lambar. Na cire hula, kaina kamar bayan ƙwarya. Alhaji ya cire tasa, nasa ya fi nawa sheƙi, don da safen nan wanzami ya bi ta kansa. Muka dubi juna, sannan muka juya muka dubi Hajiya, wadda ta sha sabon kitso saboda baƙuwa.

"A'a! In goga kwalba a kaina? Malam Iro, gyara kake yi ko tsibbu?"

"Ke kika wanke, ke za ki shafa," in ji Alhaji.

Ta karɓa ta shige ɗaki tana mita, can ta miƙo shi ta bayan labule yana ƙamshin man kitso. Na karkata shi ga rana, sai ga lambar ta fito raɗau, mai sanyi ne. Ke nan mataccen mai ƙarfi ne. Na buɗe gwangwanina na sami masu ƙarfi biyu, tsofaffi. Yanzu ina da uku, ramuka biyu, kuma ramin farko shi ne mai tsirfa, don ko numfashi bawul ɗin da ke cikinsa ya yi, sai sauran sun ninka shi.

Muna dawowa daga masallaci muka tarar mota ta iso. Yaya Hajara 'yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa mai kaifin baki. Aka zaunar da ita a darduma gaban lasifika, ta shafa dardumar, ta shafa ƙafar teburi, ta murza yatsunta ta ce Rabi ta yi ƙoƙari. Hajiya ta dubi Alhaji ta gyara ɗaurin ɗankwali. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a gajarce.

"Kai ne mai akwatin? To ina Innar?"

Aka tayar da janareta. Na sa bawul ɗin da ya tsira daga wanka a ramin farko, ɗaya daga gwangwani a na biyu. Don kada in wahalar da tef ɗin tsohuwa, na fara gwaji da wani da Baturen ya bari. Kakaki da ganguna suka ɓarke a falon har tagogi suna rawa. Yaya ta dafe ƙirji.

"Sule! Inna soja ta shiga?"

Na ga sauti ya fita lafiya, na ɗora tef ɗin gaske. A nan na yi kuskure. Kiɗan Bature da ƙarfi aka ɗauke shi, ya rufe aibin bawul ɗin. Muryar tsohuwa kuwa can ƙasa take, da na ƙara sauti don ta fito sai wani shuuu ya taso ya danne ta.

"Ni suyar ƙosai nake ji," in ji Yaya, "da wata tana magana a bayan kasko."

Na kashe. Aka zauna jiran bawul ya huce, don ba ya jin lallashi. Na mayar da tef baya da yatsa a hankali. Na sauya musu rami, na gwangwanin ya dawo ramin farko, na jira ya yi ja. Ƙa'ida ita ce ka ɗan ƙwanƙwasa shi da robar fensir ka ji ko cikinsa ya saki, amma ido yana kan agogo, na tsallake. Tef ya fara juyawa, murya ta fara fitowa, sai Alhaji ya yi atishawa. Bawul ɗin ya cafke atishawar ya miƙa wa lasifika, lasifika ta mayar masa, falo ya ɗauki wuuu kamar kura ta shigo. Hajiya ta yi waje da gudu ta bar takalmi ɗaya. Yaya ko gezau, ta ce in dai wannan ce Inna to a mayar da ita inda aka ɗauko ta.

Kowa yana dariya ban da ni. Da na taɓa tef ɗin sai na ga wani jan gari a yatsuna, kuma wurin da na haɗa ya fara ɗagowa. Na raɗa wa Alhaji cewa juyi ɗaya ya rage mana, in aka yi sa'a. Daidai nan aka kira la'asar. Muna sallamewa direba ya fara danna ham a ƙofar gida.

Na ukun shi ne mafi muni a gwangwanin, gilashinsa ya dushe, ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe tun ranar 'yan gwangwan. In ka matsa wa ƙafar nan da ƙarfi gindin gilashin yake tsagewa. Na kama ta da bakin filaya ina miƙewa kaɗan-kaɗan, gumi yana ɗiga daga haɓata, ham yana ta tashi a waje. Ta miƙe. Na daidaita giɓin ƙafafun da na ramin, na rausaya shi ya zauna. Mai suyar ƙosai na bar shi a rami na biyu, inda surutunsa ba zai dami kowa ba. Na kunna, na murɗa har ƙarshe, na kafa kunne a jikin lasifika. Shiru. Na ƙwanƙwasa da fensir. Shiru. Wallahi ban taɓa jin daɗin shiru kamar na ranar ba. Na kunna wayata na ajiye a gaban lasifika don ta ɗauka, kun ga ku ma kuna da ranarku. Na yi bisimilla na saki tef.

Aka yi gyaran murya, idona yana kan wurin haɗin nan har ya wuce lafiya. Sannan wata mata ta yi magana, tas, kamar tana zaune a kan kujerar da ke gefena.

"Wai me zan ce wa akwatin? Kai Sule, ka cika fitina."

Yaya Hajara ta daina jan carbi. Tsohuwar cikin tef ta yi dariya, ta ce ita ba ta iya magana da ƙarfe ba, aka ji muryar wani saurayi yana lallashinta, Alhaji ya sunkuyar da kai. Ta yi addu'a ga 'ya'yanta, ta ɗan rera waƙar niƙa baiti biyu ta ce ta manta sauran. Ana jin zakara yana cara a bayanta. Ni dai idona yana kan tef ɗin yana juyawa. Can sai muryar ta sauya, ta ɗaga sama da faɗa.

"Ke Hajara! Ba ƙauri nake ji ba? Kin zo ganin gida ko kin zo ƙona mini tuwo? Kin tsaya kin saki baki kina kallon akwati!"

"Na'am Inna, ga ni nan!"

Kafin kowa ya ankara tsohuwar nan ta dafa gwiwa ta miƙe tsaye, ba sanda, ba mai riƙe ta, har ta yi taku biyu wajen ƙofa. Sai ta tsaya. Ta juyo wajen lasifikar, hawaye yana bin fuskarta, tana dariya har kafaɗunta suna rawa.

"Wallahi Inna ba laifina ba ne, Sule ne ya ce in zo in gani!"

Falo ya kaure. Alhaji yana dariya yana goge ido da hannun riga, Hajiya ta rungume ƙofa, ni kaina sai da na nemi bakin rigata. A ciki kuwa Inna ba ta fasa ba, ta gama da tuwo ta koma kan wata ƙwarya da aka fasa mata. Direba ya sake danna ham, dogo. Yaya Hajara ta lalubi darduma ta zauna, ta matsa jikin lasifikar har kunnenta yana taɓa ta, ta ɗaga hannu ɗaya.

"Sule, je ka sallami mai motar nan ya tafi abinsa. Inna ba ta gama yi mini faɗa ba."